Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Kula da Manyan Makarantun Sakandare ta Jihar Kano: A Zauna da Yara Kafin Su Zaɓi Jami'a

Zuwa ga Shugaban Hukuma, da shugabannin makarantu, da malaman da aka ɗora wa ba ɗalibai shawara.

Ranku ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mu da muka rubuto wannan takarda ma'aikatan jami'a ne mazauna birnin Kano. A cikinmu akwai masu koyarwa, akwai masu aikin rajista da ɗaukar ɗalibai, akwai masu kula da ɗakunan kwana. Yaran da kuke yayewa kowace shekara a hannunmu suke sauka, don haka mu ne muke ganin ƙarshen shawarar da aka yanke tun suna aji shida.

Shawarar da muke nufi ita ce ta inda yaro zai yi karatu: ya zauna a jami'ar cikin birni yana kwana a gidansu, ko ya ɗauki akwati ya tafi wadda take ƙaramin gari. A halin yanzu a cibiyar rajistar JAMB ake yanke ta, a tsaye, layi na jira a baya, mai danna kwamfuta yana tambaya, "Wace makaranta zan sa maka?" Wani ya ce BUK saboda ita kaɗai ya sani. Wani ya ambaci mai nisa saboda ya gaji da aiken gida. Shekara huɗu ko biyar na rayuwarsa da guminsa da kuɗin mahaifinsa duk sun rataya a kan amsar da ba ta ci minti ɗaya ba. Roƙonmu shi ne makarantu su karɓi wannan aiki su yi shi a aji, da alƙalami da lissafi, kafin a fara sayar da fom.

Ɗan Kano ba ya rasa zaɓi ta kowane ɓangare. A birni akwai Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, da Jami'ar Northwest ta jiha da aka kafa a 2012, ban da masu zaman kansu. A waje, mafi kusa ita ce Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wadda ta fara a 2001, tafiyar kilomita 40 da 'yan kai a hanyar Maiduguri. Sai na tarayya da aka kafa a 2011 a Dutse da Dutsin-Ma da Kashere, da ta Gashuwa a 2013, da Jami'ar Sule Lamido ta Jihar Jigawa a Kafin Hausa. Amma kada a yi musu kuɗin goro. ABU ta zauna a Samaru tun 1962, garin ya girma tare da ita, akwai gidajen haya da shaguna da masu gyara da duk abin da ɗalibi yake nema. Garin da jami'a ta sauka a cikinsa shekara goma sha da suka wuce bai kai nan ba: ɗalibai sun riga gidaje da ruwa da wuta isowa.

Kafin a zo maganar gari, sai an gama da kwas da maki. Ƙa'idar jami'o'in tarayya ita ce kashi 45 cikin 100 na gurabe a ba mafiya maki, kashi 35 a ba 'yan yankin da jami'a take ɗiba, kashi 20 kuma a ba jihohin da aka lissafa a baya wajen ilimin boko. Yara da yawa suna jin "ai ni ɗan Kano ne" su ɗauka kujerarsu tana ajiye a BUK, sun manta cewa dubban 'yan Kano irinsu ne suke neman kujerar nan guda. Kuma makin da jami'a take sanarwa a matsayin mafi ƙanƙanta, ƙofar tantancewa kawai yake buɗewa. Kowane sashe yana da nasa tsanin, kuma na likitanci da lauya da jinya da harhaɗa magunguna da kwamfuta ya fi wancan tsawo nesa ba kusa ba. Sai ka ga yaro da maki 200 da ɗoriya cikin 400 ya nemi likitanci a birni, ya zauna jiran jerin farko, na biyu, na uku, har shekara ta ƙare, alhali makin nan zai iya sama masa kwas mai kyau a jami'ar da ba a yi mata rububi haka ba. Manyan jami'o'i galibi waɗanda suka sa su a zaɓin farko suke dubawa. JAMB tana ba da damar canza makaranta idan an biya kuɗi, amma masu yi da yawa sai sun fid da rai suke zuwa, lokacin ɗaya jami'ar ta riga ta rufe tantancewa.

Abu biyu kuma a nanata wa iyaye. Tun 2017 duk gurbin da bai fito a shafin CAPS na JAMB ba, ba gurbi ba ne, ko da an ba yaro takarda mai hatimi. Ranar da za a tura sunaye hidimar ƙasa za a gane. Sannan a tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar, haka ma hukumar sana'ar: COREN ga injiniyoyi, MDCN ga likitoci, majalisar ilimin lauyoyi ga masu karatun shari'a. Sabuwar jami'a, ta birni ce ko ta ƙauye, takan buɗe sabon kwas kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Yanzu ga lissafin da ba a yi. Iyaye sukan ce karatu a birni ya fi sauƙi tunda yaro zai ci a gida ya kwana a gida. Gaskiya ne ga ɗan Kabuga da Janbulo da Ɗorayi da Rijiyar Zaki. Ga ɗan Hotoro ko Mariri ko Na'ibawa ko Dakata da aka ba sashe a Sabuwar BUK da ke hanyar Gwarzo, birnin zai ratsa daga wannan baki zuwa wancan, hawa biyu zuwa, hawa biyu dawowa, wani lokaci uku. Mu ƙaddara kowane hawan adaidaita sahu naira 300 ne. Kowace makaranta ta sa farashin ranar da take lissafin, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota bai zauna wuri ɗaya ba. Hawa huɗu a rana naira 1,200 ke nan. Kwana 22 na karatu a wata, naira 26,400. Zango biyu da jarrabawa sukan kai mako 34, wato kwana 170, wato naira 204,000 a shekara a kan titi kawai. Kuɗin kashewa da asusun lamunin karatu na NELFUND yake ba ɗalibi naira 20,000 ne a wata, ko kuɗin motar nan bai rufe ba. Ba a sa abincin rana ba, kuma dole ne a sa shi, domin wanda yake da lakca ƙarfe 8 na safe da wata ƙarfe 4 na yamma ba zai koma Hotoro cin tuwo ba.

A kuma tambaya a wace haraba sashen yake. BUK tana da tsohuwa da sabuwa, masu karatun lafiya kuma a shekarunsu na gaba Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke hanyar Zariya suke komawa. Northwest tana da Gidan Ado Bayero a Ƙofar Nasarawa, tana da mazauninta na dindindin. Yaro yakan yi lissafin nisa da harabar da ya saba gani, a tura shi wata.

Asarar da ta fi ta kuɗi ita ce ta lokaci. Mai jeka-ka-dawo yana barin sa'a biyu zuwa uku a hanya kullum, kuma yana gaggawar barin makaranta kafin magariba saboda masu ƙwacen waya. To, da yamma da dare ne ake zaman bita, a lokacin ne wanda ya gane lissafi yake koya wa wanda bai gane ba, a lokacin ne ɗakin karatu yake da amfani. Ya iso gida a gajiye, ɗaki ɗaya da ƙanne huɗu, ga aike, ga jiran shago. Iyaye suna ganinsa kullum sai su ɗauka komai lafiya, sakamako kuwa yana can a shafin intanet da ba su taɓa buɗewa ba. Birni kuma yana da tarkon da yake kama masu ƙoƙari: Kantin Kwari da Singa da kasuwar waya ta Farm Centre suna ba ɗalibi hanyar samun na kashewa, wanda alheri ne, amma galibin jami'o'i suna da ƙa'idar halartar kashi 75 cikin 100 na darasi kafin a zauna jarrabawa, kuma kashi 30 zuwa 40 na maki daga gwaji da aikin gida yake fitowa. Gwajin da aka yi ranar da yaro ya tafi sauke kaya ba ya dawowa.

A ƙaramin gari kuwa, komai ya ta'allaƙa ne a kan ɗaki, kuma a nan muke so malamai su daɗe. Gadajen cikin makaranta ba sa isa, a ko'ina. Yawanci sai wanda ya gama biyan kuɗin rajista yake iya neman gado, kuma da an buɗe shafin nema ba ya daɗewa yake cika. Ma'ana, ɗan gidan da ake jiran albashi ko a sayar da dabba kafin a biya, shi ne zai rasa gadon makaranta mai araha, ya faɗa hannun masu haya masu tsada. Wanda ya zo a makare kuma ɗakunan kusa da ƙofar makaranta sun ƙare, sai na bakin gari, inda gida ɗaya yake tsaye gona ta kewaye shi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a watan Satumban 2023, a gidajen haya na Sabon Gida aka same su. Ɗalibai mata biyar na Dutsin-Ma da aka ɗauke a watan Oktoban 2023, su ma a gidan da suke haya a wajen makaranta ne. Yankuna sun bambanta ƙwarai a sha'anin tsaro, kada a shafa wa kowane gari baƙin fenti, amma darasin guda ne: a san halin yankin da na hanyar zuwa, kuma a san inda yaro zai kwana kafin a karɓi gurbi.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Babban mutum ya je ya ga ɗakin da idonsa kafin a ba dillali ko kwabo. Ya duba katanga da ƙofa, ya ga ko akwai magidanta a maƙwabta, ya taka da ƙafa daga gidan zuwa ƙofar makaranta ya ga minti nawa ne, domin yaron da daddare zai riƙa bin hanyar. Ya tambayi ɗaliban da suke ciki, ba mai gida ba, yadda rijiya take a watan Afrilu, saboda wadda take cike da damina takan ƙafe da bazara. Idan 'yan garuwa ne, ɗalibi ɗaya yana cin jarka mai lita 25 ɗaya zuwa biyu a rana tsakanin wanka da alwala da girki da wanki, sai a ninka da farashin jarka a sa a lissafi. Ya ƙirga ɗaki nawa ne suke haɗa banɗaki ɗaya. Ya ɗaga kai ya ga ko akwai silin, ya ga tagogi, domin ɗakin kwano marar iska da mutum huɗu a ciki lokacin zafi, ga takura ga haɗarin sanƙarau. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya buɗe intanet a wayarsa da layin da yaron yake amfani da shi, tunda rajistar darussa da biyan kuɗi da duba sakamako duk ta nan ake yi. Ya tambaya yadda ake raba kuɗin wuta, da ko famfon burtsatsen na sola ne ko sai an kawo wuta. A ƙarshe a rubuta yarjejeniya, a faɗi ranar da haya ta fara da ranar da za ta ƙare. Mai gida da kalanda yake aiki, ba da zangon karatu ba: yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, na 2020 wajen wata tara, kuma haya ba ta tsaya jiran kowa ba. Ɗan birni da yake gidansu bai yi wannan asarar ba.

Idan ɗaki ya yi daidai, sauran na da sauƙi. Ɗalibi ya tashi ya taka zuwa aji cikin minti goma, ba kuɗin mota, ba biki ba suna, ba inda za shi da yamma sai ɗakin karatu da masallaci da filin ƙwallo. Abinci ana tafiya da shi daga gida: shinkafa, wake, taliya, garin kwaki, mai, yaji, ƙuli-ƙuli, da tukunyar gas mai kilo 3 ko 6, tunda ɗakunan makaranta da yawa sun hana murhun lantarki. Kayan miya da nama ranar kasuwa sun fi araha. Abin da yake tsada ko babu shi ne gyaran kwamfuta, da wasu magunguna, da littattafai. A sa kuɗin motar zuwa gida sau shida zuwa takwas a shekara: farko da ƙarshen kowane zango, sallah ƙarama da babba, da abin da ba a rasa ba na rasuwa ko rashin lafiya.

Wudil tana buƙatar magana ta musamman, domin kusancinta yana yaudara. Ana ganin kilomita 40 ne sai a ce yaro ya riƙa zuwa yana dawowa. Wanda ya yi haka ya haɗa wahala biyu: yana biyan kuɗin motar da ya fi na cikin birni, yana kan babbar hanyar da manyan motoci suke bi safe da yamma, ranar Juma'a ga cunkoson kasuwa, kuma bai sami natsuwar da ake zuwa ƙaramin gari dominta ba. Wanda aka ba Wudil ya tare a Wudil. A gefen kuɗin makaranta kuma, ɗan Kano ɗan gida ne a Wudil da Northwest, waɗanda suke cikin makarantun da gwamnatin jiha ta rage wa kuɗin rajista da rabi a 2023. A Kafin Hausa kuwa baƙo ne, kuma jami'o'in jiha sukan bambanta kuɗin ɗan jiha da na baƙo.

Ana yawan cewa birni ya fi saboda masana'antu. Ga ɗan Kano wannan hujja ba ta da nauyin da ake ba ta. Aikin sanin makama na SIWES, wanda yakan kai wata shida, ɗalibi yana iya neman yin sa a inda ya ga dama, don haka mai karatu a Gashuwa ko Kashere zai dawo gida ya yi nasa a Bompai ko Sharaɗa ko Chalawa, yana kwana a ɗakinsa. Inda birni yake da rinjaye na gaske shi ne kwas ɗin da yake buƙatar hulɗa ta yau da kullum: mai karatun lafiya da babban asibiti, mai karatun shari'a da kotuna da ofisoshin lauyoyi, mai aikin jarida da gidajen rediyo. Mai karatun noma da dabbobi kuwa fili yake buƙata. Ba banza ba cibiyar binciken aikin gona take Samaru tun 1922. Tambayar da ta fi waɗannan amfani ita ce ta malamai: sashen nan malamansa na dindindin nawa ne? Sababbin jami'o'i da dama suna dogara da malaman ziyara daga Kano da Zariya, waɗanda sukan zo su dunƙule darasin mako uku a kwana biyu. A ɗaya gefen, ɗan aji ɗaya a babbar jami'ar birni yakan zauna da ɗaruruwa a zaure guda, na baya ba ya jin malami. Ɗaliban aji uku na sashen su ne za su faɗi gaskiyar wannan.

Yaron da yake da sikila ko asma ko ciwon suga ko farfaɗiya, mu shawararmu ya zauna inda likitansa yake. Asibitin makaranta zazzaɓi da ƙananan raunuka yake iya ɗauka. Ciwon da ya tashi ƙarfe biyu na dare yana neman jini ko iskar numfashi, nisan babban asibiti shi ne komai.

Game da 'ya'ya mata, mun san inda zuciyar iyaye take, kuma ba mu raina tsoronsu ba. Sai dai a auna da gaskiya. Yarinyar da ta sami gado a ɗakin mata na cikin makaranta, mai katanga da masu gadi da lokacin rufe ƙofa, ta fi wadda take tsayuwa a bakin titi bayan magariba tana neman hawa na biyu samun kariya, ta kuma fi ta lokacin karatu, domin ba a ajiye mata wanke-wanke da raino ba. Wadda kuwa ba ta sami gado ba, za a kama mata ɗaki a bakin garin da ba a san kowa ba, gara ta zauna a Kano, gida kuma ya ɗauke mata aiki a lokacin jarrabawa. Hatta a birnin, idan gida ya yi nisa, neman gado a cikin makaranta ya kan fi jeka-ka-dawo sauƙi idan aka yi lissafin da muka nuna a sama.

Abin da muke roƙon hukuma ba ya buƙatar sabon kasafi. A umarci kowace makaranta ta ware zama biyu ga 'yan aji shida a zangon farko, kafin Janairu, tunda a farkon shekara JAMB takan buɗe rajista. A zama na farko kowane ɗalibi ya rubuta kwas ɗin da yake so, da darussa huɗun da JAMB take nema a kansa, da makin da yake samu a jarrabawar gwaji, da jami'a ɗaya ta birni da ɗaya ta waje da suke koyar da shi. A zama na biyu a gayyato iyaye, a cike takarda mai shafi ɗaya, gefe da gefe: kuɗin rajista, ɗaki, mota, abinci, ruwa, wuta, data, na shekara guda cur. A kira tsofaffin ɗaliban makarantar da suke aji biyu ko uku a waɗannan jami'o'i su kawo farashin bana. A kuma duba tun a lokacin cewa sunan yaro da ranar haihuwarsa a katin NIN sun yi daidai da na WAEC da NECO, domin harafi ɗaya yakan riƙe rajista har gadaje su ƙare. Kwafin takardar ya zauna a ofishin malamin ba da shawara, ɗaya kuma yaro ya riƙe a hannunsa ranar da zai shiga layin rajista.

Idan hukuma ta amince, a shirye muke mu zo waɗannan zama a makarantun da ke cikin birni ranakun Asabar, ba tare da an biya mu ba.

Allah ya taya ku riƙo, ya yi wa yaranmu albarka. Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan jami'a mazauna birnin Kano